Ranar Da Na Kai Hancin Motar Alhaji Modu Bandar Kifi

Ba zan taɓa mantawa da aikin da Alhaji Modu ya kawo mini ba, ko na so in manta ma 'yan majalisarmu ba za su bar ni ba.

Ni bakanike ne a Haɗeja tun zamanin kabireta. A da layi ake bi a ƙofar gidana, inda garejin nawa yake. Yanzu kowa ya sayi mota mai ƙwaƙwalwa, da ta yi tari sai a kwashe ta zuwa Kano wurin masu kwamfuta, ni a bar ni da injin ban-ruwan 'yan fadama da waldar salansar da rami ya fasa. (A aji uku na sakandare na tsaya, ba na ɓoyewa. Amma ai ba takarda ce ke kwance noti ba.)

Alhaji Modu Babarbare ne, dillalin shinkafa, tare muka tashi. Ni kuma Bafulatanin cikin gari ne wanda ko akuya ba shi da ita, to kun san irin wasan da ke tsakaninmu. Ya sayi wata baƙar mota mai turbo, na'urar nan mai ƙara wa inji ƙarfi, aka tsorata shi cewa irinta idan iska ta fi mai yawa a cikin injin kana taka totur, sai fistin ya narke. Shi kuwa rabin man da yake sha wurin 'yan bumburutu yake saye a hanyar Kirikasamma. Sai ya yi odar wani kwali: agogo zagaye mai nuna lamba, doguwar waya mai rigar zare, da wani ƙarfe kamar filogi da ake kira sensa. Shi sensan a jikin salansa ake ɗaura shi yana shinshinar hayaki, ya faɗa wa agogon ko mai ne ya yi yawa ko iska. Ni hanci nake ce masa.

Ya dire mini kwalin ya ce, "Ɗan Fillo, in ka iya wannan, ni zan sa duk majalisa su dawo maka da motocinsu. In ka kasa, ka koma daji ka nemi saniya."

Na yi dariya, amma a raina na san wannan ce damar da ta rage mini.

Kuma wallahi na yi aikin da kyau, wannan kam ba wanda ya isa ya ƙwace mini. Na kalli wani Bature a wayar hannu yana yi, ban ji rabin abin da yake faɗa ba, amma hannu ba ya Turanci. Na huda salansa kamar kamu guda bayan turbo, na yi waldar notin da hancin zai shiga ta sama ba ta ƙasa ba, don kada ruwan da ke taruwa a bututu ya taɓa hancin, balle mu da damina mota ke iyo a hanya. Na ja wuta daga makulli, na haɗa komai tsaf. Saura kawai in ɗaura.

To kafin ya ɗaura nasa, Baturen nan ya murɗa makulli ya bar hancin ya yi zafi a fili, sannan ya matsa masa iskar leta ba tare da ya kunna wuta ba. Lamba ta faɗo. Na ɗora agogon a kan bonet na gwada. Ta faɗo! Na kusanto da tsumma mai fetur, ta sake faɗowa. Na janye, ta hau. Jama'a, tun ina saurayi nake auna hayaki da hancina da launin filogi, yau ga ƙarfe yana yi yana rubutawa. Na hura masa numfashina (bai kula ni ba, kamar sauran mutanen garin). Sai na shiga waige-waige ina neman abin da zan ƙara ba shi ya shinshina.

A gefen ƙofa matata Asabe ke bandar tarwada a rabin duro, sana'arta ke nan. Wayar kuma doguwa ce. Na ce a raina, shin hayaƙin itace da na mota duk ɗaya ne a wurinsa? Na ɗaga buhun da ta rufe, na zura hancin ƙarƙashin raga, ido na kan agogo. Lamba ta shiga rawa, tana sauka tana hawa. Na ƙara turawa ciki. Ina nan tsugune baki buɗe, sai na ji cuu, man kifi ya ɗigo a kan ƙarfe mai zafi.

Asabe ta fito ta ce, "Malam, lafiya kake yi wa kifina allura?"

Na ce mata kimiyya ce, ba za ta gane ba. Na goge da hannun riga, na ɗaura a salansa, na bi da wayar ta ƙarƙashin dashbod. Ni dai ban ji warin komai ba. Wanda ya kwana ya tashi a gindin banda, hancinsa ya daɗe da yin ritaya.

Kashegari bayan la'asar Alhaji ya zo da mutum biyu daga majalisa, a matsayin shaidu. Muka ɗau hanyar Kirikasamma, gilashi a rufe, esi na aiki. Na yi musu bayani kamar malamin jami'a: in mota na tafiya lafiya za su ga sha huɗu da ɗigo bakwai, in ya taka sosai lamba za ta sauko. Agogo ya haska, ya tafi can ƙarshe ya maƙale. Alhaji ya taka, bai motsa ba. Ya saki, bai motsa ba.

Maimakon in yi shiru, sai na ce ai ga shi nan, man bumburutu ya riga ya cinye injin, Babarbare da rowa sai dai Allah ya kyauta. Ina cikin wannan wa'azi na lura mutanen baya suna kallon juna suna jan hanci. Ɗayan ya tambaya a hankali ko wani ya manta ƙunshi a aljihu.

Alhaji ya tsaya a gefen hanya, shinkafa kore shar dama da hagu. Ya ce in kwance masa abin ya gani. Na jira salansa ta huce, na shiga ƙasa da sifana na fito da shi. Ya kai wayar hancinsa. Uban Alhaji fataucin kifi ya yi har ya rasu, kun ga kuwa na kai kaina gidan alƙali. Ya sa farce ya ɓanɓaro wani ɗan siririn abu da ya manne a rigar wayar, ya ɗaga shi sama. Gashin bakin tarwada ne.

Ba yadda zan yi, na faɗa musu komai. Sai Alhaji ya gyara hula ya ce, "To Fillo, da ka sa shi a bandar, nawa ya nuna?"

Nan ne na ƙarasa kashe kaina. Na manta kunya nake ji, na ce ai abin mamaki ne Alhaji, kusa da garwashi lamba sauka take yi, in ka ɗaga sama wajen kifin sai ta hau, har ina kwatantawa da hannu. Sai da na ga ɗayansu ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki sannan na dawo hayyacina.

Motar dai Kano aka kai ta. Aka ce aikin walda da haɗin waya ba laifi, hanci kawai aka sauya. Wannan yabon ba wanda ya riƙe shi a majalisa. Abin da suka riƙe shi ne Injiniyan Banda, sunana ke nan har yau.

Alhaji ya cika rabin alkawari. Motocin majalisa sun dawo ƙofar gidana, suna yin layi kamar da, sai dai wurin Asabe suke zuwa, wai tunda ƙamshin kifinta ya iya kashe na'urar Turawa, dole su ɗanɗana. Ni ne mai miƙa leda ta gilashi.

Abin da na koya shi ne, in an ba ka amanar hancin wani, kada ka kai shi inda naka ya mutu. Amma tsakani da Allah, har yanzu in na wuce wurin mai tsire, sai in ji ina son sanin nawa zai nuna.