Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Injiniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Injiniya na teburin kusa da taga yake sanar da abokan aiki rasuwar kwamfutarsa, Tsohuwa. Ta ce ga garinku nan yau da ƙarfe ɗaya da kwata na rana, saura kashi uku cikin ɗari ta gama lissafin rabon ruwan famfo da kwamiti zai duba da ƙarfe huɗu. Wannan lissafi ne zai nuna ko za a tabbatar da shi a aiki ko a sallame shi.

Marigayiyar ta yi shekara tara tana bauta. Mai haƙuri ce, ba ta taɓa riƙe shi a zuci ba kan shayin da ya kwara mata. Za a daɗe ana tuna “fuuu” ɗin fankarta.

Ciwon ajalin ya faro ne wata huɗu baya. Tafintan cikinta, manhajar da ke juya rubutun Injiniya zuwa yaren inji, ya riƙa jero gargaɗi da jan rubutu: akwai wata ma'ajiyar lamba a cikin lissafin da ke farawa da cikakkiyar lamba, can ta rikiɗe ta koma mai ɓurɓushi. Don haka a duk zagayen lissafi sai Tsohuwa ta tsaya ta leƙa me ke ciki kafin ta ɗauka, sau miliyoyi. Gyaran na minti biyu ne. Amma a wannan ofis, allo mai jan rubutu abin kunya ne idan shugaba yana wucewa, shi ya sa Injiniya ya rubuta layi guda ya rufe bakin tafinta. Lissafin minti goma ya koma na awa shida. Ta yi zafi, ta yi “ƙirrr”, shi kuwa ya ɗora ta kan littattafai biyu wai ta sha iska. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaure da salatif, linzamin kwamfuta guda, da maigida da gumi ya jiƙa wa riga, yana jin tsoro ƙwarai.

Za a kai gawar shagon mai gyara da ƙarfe biyu don ciro rumbun bayananta. Wata abokiyar aikinsa ta yarda ta ara masa tata kwamfutar, da sharaɗin zai goge wancan layin, ya karanta gargaɗin da ƙarfi a gaban kowa. Ana roƙon masu ta'aziyya su dakata sai bayan huɗu, lokacin za a san ko makokin na Tsohuwa ne kaɗai.