Azumin Alhamis a Otal ɗin Abuja

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a Abuja ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don gidan surukaina akwai masu tuni.

Lokacin watana biyar da aure. Ni mutumin Roni ne, malamin gona, matata kuma 'yar Kazaure ce. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, tsohon hedimasta ne, irin dattawan nan da in suka kalle ka ta saman tabarau sai ka fara tuno laifin da ka yi tun kana aji uku. Kafin ya ba ni 'yarsa sai da ya aika har unguwarmu aka binciko halina, har limaminmu aka tambaya ko ina fitowa sallar asuba. (Allah ya saka wa Liman da alheri, ya rufa mini asiri.) Saboda haka babu abin da nake tattali a duniya kamar mutuncina a idon Baba.

To, a wajenmu kowa ya sani, mutum ba ya zama yana tauna a gaban surukinsa. Ni nawa ma ya fi na kowa, don kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, da fulako ta raine mu. In na je gaida Baba aka kawo abinci, ko murfin kwanon ba na ɗagawa. Sai na koma gida in far wa tukunya.

Ana nan sai ga bikin Yaya Nasiru, wan matata, wanda yake aiki a Abuja. Ranar Juma'a za a ɗaura aure. Mata za su taho daga baya a bas, Baba kuwa ya ce shi tun Laraba zai tafi, kuma in shirya mu tafi tare a motar da ango ya aiko. Mu uku ne ban da direba: ni, da Baba, da amininsa Alhaji Mudi, wani ɗan kasuwar hatsi daga Ɓaɓura, mutum mai barkwanci wanda ko a wurin ta'aziyya sai ya sa an ƙunshe dariya.

Tun a Zariya wahalata ta fara. Aka tsaya cin abinci, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, tururi yana tashi. Baba ya ce, "Malam, bismillah." Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi Baba, a ƙoshe nake." Wallahi kokon da na sha da sassafe ne kaɗai a cikina. Na koma mota na zauna ina kallon masu sayar da rake.

Da muka isa, Yaya Nasiru ya sauke mu a wani otal wanda ban taɓa shiga irinsa ba. Ni iyakata masaukin baƙi na Dutse in an tura mu bita. Nan kuwa ƙofa da kati ake buɗe ta, tayil ɗin ƙasa yana sheƙi har na riƙa tafiya a hankali kamar mai tsallaka rafi. Aka ba Baba ɗakinsa shi kaɗai, ni kuma aka haɗa ni da Alhaji Mudi. Ka ga ke nan ko a ɗaki ba ni da sakewa, don aminin suruki ai suruki ne. Da aka kawo mana abincin dare na yi loma biyu na tsame hannu. Alhaji Mudi ya ce, "Kai yaron nan, ko tsuntsu ya fi ka ci," ya jawo farantina ya haɗa da nasa.

Da safe muka sauko ɗakin cin abinci. Jama'a! Ga manyan kwanukan ƙarfe masu murfi an jera, kowa ya ɗauki faranti ya ɗibi son ransa, ba mai tsare ka. Ga ƙwai, ga dankali, ga farfesun kayan ciki, ga wata doya da aka soya har ta yi ja. Cikina ya yi wata ƙara da na tabbata Alhaji Mudi ya ji. Amma tebur ɗaya aka ba mu, kujerata tana kallon ta Baba ido da ido.

Baba ya ce, "Malam, jiya ba ka ci komai ba. Tashi ka ɗebo."

Da na ce kunya nake ji, da an yi dariya an wuce wurin. Da na ce zan ci anjima, da shi ke nan. Amma sai na ji bakina, ba tare da ya yi shawara da ni ba, ya ce, "Ai Baba, azumi nake yi. Yau Alhamis."

Baba ya ajiye cokali. Ya cire tabarau ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba. "Azumin nafila? A kan tafiya? Masha Allah. Allah ya yi maka albarka." Ya juya wajen amininsa. "Mudi, ka ji yaran kirki. Mu muna nan muna fama da ƙwai."

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Har na ce a raina, to ai sai in mai da shi gaske. Sai na tuna na riga na sha shayi a ɗaki bayan an idar da asuba, lokacin da Alhaji Mudi yake wanka. Azumi dai babu shi, ga kuma yunwar jiya tana bina.

Kafin hantsi labari ya zaga. Duk wanda ya zo gaida Baba sai ya nuna ni: "Wannan surukina ne, azumi ma yake yi." Yaya Nasiru ya dafa kafaɗata ya ce zai sa a shirya mini kayan buɗa-baki na musamman. Da azahar ta yi, Baba da kansa ya tura ni gaba na ja su salla. (Wannan kam har yau ina istigfari a kanta.) Ina sallamewa na ji jiri yana ɗibata.

Bayan salla aka ce dangin amarya sun iso, mahaifinta da 'yan'uwansa, za su ci abincin rana tare da Baba. Baba ya ce, "Malam, kai je ka kwanta ka huta, kada ƙamshi ya dame ka." Na ce, "To Baba, Allah ya ƙara girma." Na nufi hanyar ɗaki kamar gaske, ina shan kwana na zille ta ƙofar baya.

Can ƙasan layi ana wani gini, a gefensa wata mata tana sayar wa leburori shinkafa da wake. Na ce ta zuba mini, ta ƙara mai, ta ƙara yaji, ta ɗora ƙwai biyu da soyayyen kifi. Na so in zauna a kan bencinta in ci, sai na hango direbanmu yana tahowa shi ma. Na ce a sa mini a roba da sauri, na karɓi fiya wata biyu, na cusa ledar a cikin babbar riga na juyo.

To ina zan ci? Ɗaki ba dama, katin yana hannun Alhaji Mudi. Bakin ƙofa 'yan biki ne ke ta shige da fice. Ina zagaya ginin sai Allah ya nuna mini wani lungu, ko in ce Shaiɗan ya nuna mini. Wuri ne shiru, ga inuwa, ga shuke-shuke sun kare ni daga titi, ga dakalin siminti. A gabana kuma bango ne na madubi tun daga ƙasa har sama, baƙi-baƙi, yana nuna mini kaina tsaf. Na ce kai, mutanen birni da almubazzaranci, har bayan gida sai an sa masa madubi.

Na zauna na ba titi baya, na fuskanci madubi. Na cire hula na kifa a gwiwa, na naɗe hannun riga har kafaɗa. Matar ta sa mini cokalin roba, na ajiye shi gefe, don wannan yunwar ba ta cokali ba ce. Ban san ina da hannu mai faɗi haka ba sai ranar. Loma nake yi ina lumshe ido. Ƙwai guda na jefa a baki gaba ɗaya. Yaji ya sarƙe ni, na yi ta tari ina dukan ƙirji, hawaye na zuba, na fasa fiya wata da haƙori na ɗaga kai na tuttula, na koma kan kifi. Ƙayar ma sai da na tsotse ta, na lashe yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma mai laifi ba ya rasa dabara. Na tashi na matsa jikin madubin har numfashina yana taɓa shi, na yage baki ina duba haƙora, na zaro wata fatar wake da farce. Na goge man da ke leɓena da cikin hula. Sannan na ga fuskata ta yi fes, ba ta yi kama da ta mai azumi ba. Sai na shiga gwaji. Na langaɓar da kai, na sassauta idanu, na saki leɓe. Na ga ya yi yawa, kamar mai zazzaɓi, na rage. Har na gwada yadda zan ce "Alhamdu lillahi Baba, da sauƙi" da 'yar siririyar murya, hannu a ƙirji. Na yi sau uku, na ukun ya yi kyau har na ɗaga wa kaina babban yatsa.

Sai wayata ta yi ƙara. Alhaji Mudi ne. Na gyara murya na ɗauka a raunane. "Salamu alaikum, Alhaji."

"Wa alaikumus salam, Malam. Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi, Alhaji, ana ta fama."

"Madalla. Dama tambaya ce da ni. Ku a Roni ƙarfe biyu ake kiran magariba?"

A bayan muryarsa ina jin wani irin sauti, kamar mutane da yawa suna ƙoƙarin danne dariya.

Ya ce, "Na biyun nan ya fi kyau, wanda ka karkatar da kai hagu. Na ukun ka cika shi da yawa." Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jikin madubin, daidai saitin hancina.

Na kafa hannuwa biyu a gefen fuska na leƙa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe gilashi ne irin na motocin manya, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin kowa. Kuma bayansa ɗakin cin abincin nan ne na safe. Ga dogon tebur a jikin gilashin, tsakanina da shi bai fi kamu uku ba. Ga Alhaji Mudi da waya a kunne da cokali a hannu. Ga Yaya Nasiru ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna rawa. Ga mahaifin amarya ya toshe baki da gefen rawani. Ga Baba a tsakiya, yana kallona ta saman tabarau, shi kaɗai ne ba ya dariya.

Na rasa abin yi, sai kawai na durƙusa a wurin na gaishe su ta cikin gilashi. Wannan ne ya ƙarasa kashe mutanen teburin, har ta bango ina jin ihunsu.

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ciki ba. Na tsuguna a gefen kujerar Baba, na kasa ɗaga ido. Ya bari sai da dariya ta lafa, sannan ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Malam, yunwa ba abin kunya ba ce, kowa da cikinsa. Abin da ya dame ni, tun safe nake ba da shaida a kanka a gaban mutane. Ka sa tsoho ya faɗi abin da ba haka ba."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Baba, na tuba. Kunyarka ce ta sa, na rasa yadda zan yi in ci a gabanka."

"Kunyata ta hana ka cin doya, amma ba ta hana ka yi mini ƙarya ba?" Sai ya jawo kujerar da ke kusa da shi. "Tashi ka zauna. Tunda na riga na ga yadda kake ci, babu sauran abin ɓoyo." Ya turo farantinsa tsakaninmu. "Sa hannu."

"Baba, ai na ƙoshi."

"Wannan karon na yarda," in ji shi, "da idona na gani. Amma sai ka ci."

Haka na zauna a gaban dangin amarya ina cin abinci faranti ɗaya da surukina, a kan shinkafa da waken da ko sauka ba su yi ba, kowace loma kamar dutse. Da magariba kuma Yaya Nasiru bai fasa ba, sai ga kayan buɗa-baki an kawo mini har ɗaki, da dabino da kunu da komai, wai ladan niyya.

Kafin mata su iso washegari labari ya riga su shiga bas. Matata tana saukowa ta dube ni, ta langaɓar da kai gefen hagu, ta sa hannu a ƙirji ta ce, "Alhamdu lillahi Baba, da sauƙi." Ashe har kwaikwayon an yi musu ta waya.

Abin mamaki, tun daga ranar ni da Baba muka saba. Yanzu in na je Kazaure tare muke cin tuwo, har ya kan tura mini nama gabana. Amma kuma duk maganar da na faɗa masa, ko ta farashin taki ce, sai ya ɗan dube ni ta saman tabarau kafin ya ce to. Shekara guda na yi ina gyara abin da na ɓata da baki ɗaya.

Don haka ga shawarata kyauta. In yunwa ta kama ka a gaban suruki, ka ci abinka da kunyarka, ta fi ƙarya saurin narkewa. In kuma ka je birni ka ga madubi a inda ba ka zata ba, yi masa sallama tukuna, ka jira ka ji ko za a amsa.