Jan Zaren Wuyan Riga

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na ɗaura yaƙi da zare ba. Ni da nake cika baki a unguwarmu ta Kwarbai cewa na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana, na iya rubuta sunana, babu mai raina mini hankali, ashe ni zan raina wa kaina.

Zamanin soja ne, Baban Hadiza (maigidana ke nan, mai walda ne) ya samu aiki a wani tsibiri can gaba da Fatakwal. Tafiyar kaɗai ta isa ta tsufar da mutum: jirgin ƙasa daga Zariya, mota zuwa bakin ruwa, sannan jirgin ruwan kamfani, wanda in ya tashi ya bar ka sai wani makon. Ya yi watanni a can, ya zo ya yi mana 'yan kwanaki. Ya ce ɗakunansu na ƙarfe ne kamar akwati, mutum huɗu a ɗaki, gado a kan gado, sai an kaɗa ƙararrawa a ci abinci. Har hawaye na yi masa.

To, mutumin da na yi wa kuka sai ga shi ya dawo da kumatu. Na buɗe jakarsa in fitar da wanki, na tarar da kaya a wanke, a goge, a ninke kamar na kanti. Maɓallin da na daɗe ina cewa zan ɗinka (Allah ya sani na yi niyya) an ɗinke shi tsaf. Na juya wuyan rigar, sai ga wani ɗan ɗinki da jan zare, daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Na duba wando, akwai. Singileti, akwai. Har gajeren wando, jama'a!

Na ce shi ke nan, wata ta ɗaure mini miji. Wa zai bi kayan namiji ɗaya bayan ɗaya da allura in ba mace ba? Macen ma mai asiri. Na zana ta a raina: doguwa, mai sheƙi, gwanar miyar kifi. Har suna na sa mata, Mai Jan Zare. In ya ce, "Kai, kifin can daban ne," sai in ji kamar in kifa masa kwanon tuwo a ka.

Ban tambaye shi ba. (Tambaya ai ta masu hankali ce.) Na sa reza na warware zaren kaf, na jefa a murhu ina tofa addu'a, na mayar da kayan jaka. Ya tafi.

Hutu na gaba ya dawo da jaka shafal. "Kayana duk sun ɓace a can," iyakar abin da ya ce ke nan. 'Yan sababbin da ya saya kuwa, na juya wuya, jan zare ya dawo. Wato ta riƙe tsofaffin, ta ɗaure sababbin!

A makon aka yi suna gidan ƙanensa. Abokan aikinsa 'yan Zariya, da suke hawa jirgi ɗaya, suka shigo tsakar gida tare da shi gaida Hajiya, mahaifiyarsa. Mata cike. Na fito da rigar daga cikin mayafi na shimfiɗa a gabanta.

"Hajiya, yau a yi ta ta ƙare. Ko ya bar aikin tsibirin nan, ko ya ba ni takardata. Ga aikin Mai Jan Zarensa."

"Ke 'yar nan, a gidan suna?"

"A gidan suna, Hajiya, don kowa ya shaida."

Malam Iro na Tudun Jukun, wanda suke ɗaki ɗaya, ya duƙa ya leƙa rigar. Sai ya juya wuyan tasa. Jan zare.

"Uwargida, to ni ma ta ɗaure ni."

Na kusa da shi ya juya tasa, kore. Ya ce, "Ni tawa kore take so."

Nan Malam Iro ya yi bayani, yana danne dariya. Wankin maza barkatai ake haɗawa wuri guda, don haka kowane ɗaki da launin zarensa, kowane gado da irin ɗinkinsa. Kayan da ba su da zare ba su da mai su, buhu ake zuba su. Mai ɗinkin kuwa wani tsoho ne, Baba Okon, mai sanƙo da furfurar gemu. "Mace kuwa, wallahi ko akuya mace babu a tsibirin nan."

Baban Hadiza ya juyo ya dube ni a hankali.

"Wato ke ce? Ni ina can ina salla da rigar Iro, hannunta ya tsaya mini a gwiwar hannu, har na yi wa tsohon nan faɗa?"

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Hajiya tana dariya tana share hawaye da bakin zane. "To, takardar fa, a kawo biro?" ta ce. Na ce a bari dai tukuna.

Sunan da na raɗa wa matar da babu ita a duniya, ni ya bi. Har jikokina a Kwarbai, jikokin Mai Jan Zare ake ce musu. Da Baban Hadiza zai koma, na ƙulla yaji da daddawa na ce a kai wa Baba Okon, a ba shi haƙuri. Tun daga ranar, kafin in ɗauki reza sai na buɗe baki na yi tambaya. Amma kada in yi muku ƙarya, har yau ina jin haushin tsohon nan. Ya fi ni iya ɗinka maɓalli.