Ranar Da Na Gyara Sitiyarin Kawu Modu

Har yau ina jin haushi, domin ni taimako na yi niyya. Madannan sitiyarin motar Kawu Modu ne suka mutu, da na rediyo da wanda ke riƙe gudun mota. Zai kai wa mai wayarin, wato mai gyaran wayoyin mota, na tare shi.

"Kawu, ni da na gyara fankar Hajja? Wannan ai wasan yara ne."

Na kwance sitiyari, na haɗa wayoyin da suka yi kama da juna, na ɗaure. Har tafa wa kaina na yi.

Da safe muka taso daga Umarari muka iso shingen sojoji. A shekarun nan, ko tari ya zo maka a shinge haɗiye shi kake yi. Kawu ya danna madannin rage rediyo, sai hon ya ɓarke da ihu, ya ƙi yin shiru. Masu keke suka watse, wani soja ya juyo da bindiga.

"Kai ne mai sauri ko? Sauko!"

Kawu, da babbar riga da hular Zanna, ya yi tsallen kwaɗo a bakin titi, hon na yi masa kiɗa. Duk tsalle ɗaya sai ya harare ni: "Ɗan banza, bari mu je gida!"

Yanzu a unguwa ba mai kiran sunana. Ina fitowa yara za su ɗauka: "Piiiim!" Jiya na gaida Hajja, tsohuwa da carbinta, ta amsa min da "Piim."