Fatalwa Mai Jajayen Safa

Ko komai zai gushe daga kaina, ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba ta tsakiyar damina, ranar da aka naɗe ni a likkafani da raina da lafiyata, kuma da yardata.

Ni dai tun ina ƙarami nake da jarabar finafinan ban tsoro masu ban dariya, irin na ƙananan kuɗin nan. Jininsu zoɓo ne, aljaninsu na ɗaure da agogo, fatalwarsu kuwa sai ta duba hagu da dama kafin ta tsallaka titi. Labarin wai na zamanin kakanni ne, amma kana jin ƙarar babur a baya. Wannan shirmen shi nake so. Gabanka zai faɗi, kafin ka gama salati ka hango inuwar mai kyamara a bango, sai ka kwashe da dariya. Ga shi na iya kushe, ban taɓa kallon ɗaya ban lissafa kurakuransa ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, ina kuma neman auren Sa'adatu, 'yar Malam Ya'u na Kwandiko. Manyana sun je gaisuwa, Malam ya ce a ba shi mako biyu ya yi bincike a kaina. Duk mai hankali zai lafe a makonnin nan, daga makaranta sai masallaci. Ni kuwa a lokacin ne abokina Ɗanlami, mai tura finafinai a waya a Gwaram, ya ce ya zama darakta, kuma ni zan fito a fatalwa.

Labarin na wani marowaci ne da ya mutu ya bar ɗumame a tukunya, ya dawo yana bin gari yana tambayar wanda ya cinye. Da na ji inda za a ɗauka, a bayan garin Kwandiko, sai na ja baya. Ɗanlami ya ce, "Haba Malam, wa zai gane ka? Fuska a rufe take, kuma babu bishiyar kukar da ta kai ta can kwarjini a duk Gwaram." (Ya ƙara da cewa muryata irin ta manyan 'yan wasa ce. A nan ya gama da ni.)

Wurin wani tsohon rami ne da aka haƙi ƙasar gini, a gindin kuka, gefen hanyar da ta bi ta gonakin gero ta nufi maƙabarta. Aka shafe min fuska da garin rogo, aka naɗe ni, aka ɗaure ta ka, ta ƙugu da ta ƙafa, hannayena a ciki. Yadin bai kai ba, don haka ƙafafuna suka leƙo waje da jajayen safana. Ɗanlami ya ce ba komai, kyamara ba za ta sauka can ba. Ya maimaita min aikina: mutanen gari za su zo da makara, da na ji sun tsaya a kaina in tashi zaune in yi maganata.

Ana shirin farawa batir ya mutu. Batir ɗaya gare mu, kyamara ɗaya. Ɗanlami ya ce kwance ni ɓata kwalliya ne, in yi haƙuri da minti goma, ya hau babur ya tafi neman caji. Sauran 'yan wasan suka ce bari su leƙa gari su sha ruwa. Na ji muryoyinsu suna nisa har suka ɓace.

To, a nan na san shiru. Hadari ya haɗo, hasken da ke ratso yadin ya dushe. Sanyin ƙasa ya fara shiga bayana, ga ƙamshin sabon yadi ya cika min hanci, irin wanda ban taɓa shaƙa ba sai a gidan rasuwa. Iska na kaɗa gero, wani tsuntsu a kan kukar yana kuka ɗaya tak, ya yi shiru, ya sake. Wani abu mai ƙafafu ya bi ta wuyana, ban da hannun kore shi. Na yi ƙoƙarin tuno fim ɗaya in yi dariya, na kasa. Abin da ya zo min kawai shi ne, wata rana haka za a ajiye ni a juya, kuma babu wanda zai dawo da batir. Wallahi na ji tsoro.

Can sai na ji takun mutane da yawa, a hankali, babu mai hira. Na ce a raina, lallai yaran nan sun iya wasa. Takun ya matso, ya tsaya cak a bakin ramin. Wani ya ce, "Innalillahi! Wa ya yar da mutum a nan?" Har na yaba masa, don wannan ba ya cikin rubutun.

Na yunƙura na tashi zaune, na karkata kai, na ja murya tun daga cikina:

"Waaa ya cinye min ɗumamenaaa?"

Sai gudu. Na ji gero na karyewa, wani na kiran sunan Allah, wani na kiran sunan uwarsa. Ina jiran in ji Ɗanlami ya ce ya yi kyau, sai na ji wata tsohuwar murya tana karanta Ayatul Kursiyyu, tana matsowa ba tare da rawa ba. Karatun ya tsaya. Aka taɓa ƙafata da sanda.

"Shekarata arba'in ina wankan gawa," in ji muryar, "ban taɓa ganin wadda aka sa wa safa ba."

Aka kwance ɗaurin kaina, aka yaye yadin. Malam Ya'u ne. A bayansa mutum huɗu ne riƙe da makara ta gaske, su dai ba su sake ta ba. Kusa da su ɗan mamacin, idanunsa jajur, yana kallona. Wannan kallon ya fi min duka ciwo, har yau in na tuna sai na runtse ido.

Malam ya daɗe yana duban garin rogon da ke fuskata. Ya kwance sauran ɗaurin da hannunsa, ya ce, "Malamin makaranta, tunda ka riga mu zuwa, taso ka kama." Haka na shiga sahun masu ɗaukar makara, fari fat, mutanen da suka gudu suna fitowa daga gona ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hanya mai faɗi. Da ni aka tura ƙasa. Muna addu'a muka ji babur, Ɗanlami ya hango taron, ya juya ko tsayawa bai yi ba.

Kwana uku ina zuwa zaman makoki, ina ba dangin mamacin haƙuri. Ranar ta uku Malam ya kira kawuna, wanda ya rako ni, suka koma gefe, ina tsugune ina ji. Ya ce, "Bincike ya ƙare, da idona na yi shi. Hankalinsa da saura, amma bai gudu ba, kuma ya dawo ya ba da haƙuri. Zan ba shi, sai dai ba bana ba. A bar shi ya ƙara shekara."

Shekara guda cur na jira Sa'adatu. Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma duk safiyar da ta ɗumama tuwo sai ta ajiye min kwano ta ce, "Ga shi nan, babu wanda ya taɓa maka."

Har gobe ina kallon finafinan nan, amma na daina kushe su. Idan na ga fatalwa da agogo ko da safa, addu'a nake wa mai tsara kayan, don da yadinmu ya isa ranar nan, da sandar Malam ba a ƙafata za ta sauka ba.