Hoton Aminu Ranar Maci

Ranar bikin 'yancin kai, makarantar ɗana Aminu ta fito maci a Kaura Namoda, ni kuwa ga ni da sabuwar waya. Na hana kowa a gidanmu ɗaukar hoto. Na ce, "Ku bar aiki ga masu shi."

Yara suka jero da korayen huluna, an shafe musu fuska da fenti kore da fari. Samari na ta fasa nokawut mai ƙara kamar bindiga, ko gezau ban yi ba. Na hango nawa riƙe da tuta, na durƙusa ina ɗauka ina ihu, "Jinina ke nan!"

A gida na miƙa wa Inna wayar, ita da ta taso tun daga Zurmi don jikanta. Ta daɗe tana kallo.

"Hoto ya yi kyau," in ji ta, "amma wanga ba jikana ba na."

Matata ta leƙo. "Emeka ne, ɗan Madam mai shago!"

Aminu kunnensa kawai ya fito.

Hoton dai ya burge, don Madam ta wanke shi ta rataye a shagonta. Har yau in na gifta, sai 'yan unguwa su ce, "Baban Emeka, an fito?"