Yaƙin Rumbun Hotuna da Faɗuwar Mudassiru Dodon Maɓallai

Da sunan Wanda ya raba wa bayi matsayi, ya ɗaukaka wanda ya so, muke buɗe tarihin gwarzon zamani, Mudassiru ɗan Tanimu mai gyaran janareta, jikan Gambo wanda ya fara kwance rediyo a Tudun Wadan Zariya ya mayar da ita, kusoshi uku suka yi saura amma ta yi magana. Gida ne na jarumta tun kaka da kakanni. Mudassiru kuwa, dodon maɓallai, mai difloma biyu ɗaya tana hanya, fasihin da in ya zauna gaban kwamfuta fankar shago ke rage gudu don ladabi, shi Allah ya ajiye wa wannan gumurzu.

Ga asalin fitinar. Hajiya Kubura, mai babban shagon ɗinkin mata, tana ajiye hotunan sababbin samfuranta a wani rumbu na intanet, irin wanda masana ke cewa yana cikin gajimare. Lambar sirri ɗaya ce tal, teloli goma sha shida na shagon kuwa sun haddace ta fiye da sunayen 'ya'yansu. Shekara uku a jere, kafin ta fitar da ɗinkin Sallah sai a gan shi rataye a ƙofar Ilu Zigizaga, abokin gabarta na tsallaken titi, har da aljihu a inda ta sa aljihu. Bana abin ya kai ta bango. Ranar Litinin ta buɗe wa Mudassiru shafinta na mai rumbu, ta ce ya toshe ɓarakar kafin Juma'a. In ya iya, kujerar kula da kwamfuta ta zama tasa. In ya kasa, ya koma wanke wa babansa fulogi. Shi kuwa duk duniya ba abin da ya tsana kamar warin baƙin mai.

Ranar Talata da hantsi, bayan ya sha koko ya naɗe hannun riga, sadaukin ya daki tebur ya yi kururuwa: "Yau ko ni ko rumbu!" Ya ja linzamin kwamfuta ja irin na mazan jiya, ya rushe tsohuwar lambar sirri har ƙasa, ya yanka wa kowa tasa, sannan ya kafa darajoji uku masu haiba waɗanda ba a taɓa jin irinsu ba tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari: Mai Kallo, wanda zai gani kawai, Mai Ɗorawa, wanda zai sa hoto, da Mai Cikakken Iko, wanda zai sauke, ya goge, ya shigo da wanda ya ga dama. Dokarsa ita ce a ba kowa gwargwadon aikinsa. Don ya nuna zuhudu irin na adalan shugabanni, sunan kansa ya fara sawa a Mai Kallo. Kafin azahar an ci gari, Hajiya kaɗai ke bisa ƙololuwa.

To amma fa ba a Turai ake ba. Ranar Laraba Baba Nalado, shugaban masu yanka, wanda ya ɗinka wa Mudassiru rigarsa ta farko a duniya, ya sa tabarau ya duba wayarsa ya ga inda aka ajiye shi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ajiye almakashi a hankali, ya amsa gaisuwa da rabin baki, ya ce da bango: "Ashe na tsufa har na zama ɗan kallo a shagon nan."

Wallahi kunyar da ta kama gwarzon namu, da ƙasa ta tsage da ya shige. Ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya miƙe ya ɗaga Baba zuwa Cikakken Iko. Nan ganuwar ta tsage. Wanda ke jan sallah a shagon ya zo, ai ba a sa liman a bayan sahu. Wanda ya girmi Mudassiru da wata huɗu ya zo. Wanda aka yi wa haihuwa aka ɗaga shi a matsayin barka. Biyun ƙarshe ba su ma roƙa ba, shi ya bi su da kansa don kada a ce yana nuna bambanci. Haka dai rundunar kara da alkunya ta yi ta kwararowa sahu-sahu, ba takobi ba mashi, sai "haba ɗana" da "kai ma ka san ni", har dodon maɓallai ya rasa tudun dafawa.

Ranar Alhamis aka yi babbar musiba. Ilu Zigizaga da kansa ya tsallako gaida Baba Nalado, domin surukinsa ne, 'yar Baba yake aure. Bayan an sha ruwa, Baba ya ce cikin alfahari a sa baƙonsa a ciki ya ga aikin ɗansu. Mudassiru ya dubi furfura, ya dubi baƙo. Wa zai kunyata dattijo gaban surukinsa? Ya matsa hannu zuwa Mai Kallo, Baba ya yi gyaran murya, domin ba a shimfiɗa wa baƙo tabarmar da ta fi ta mai gida ƙanƙanta. Jikan Gambo ya danna Cikakken Iko zuciyarsa na kuka, ya rubuta sunan "Baƙon Baba" ko asiri zai rufu.

Ranar Juma'a Hajiya Kubura ta zauna duba ganima. Ta ga Masu Cikakken Iko goma sha takwas reras, ta ji daɗi, shagonta ya cika da manya. Ta iso kan Baƙon Baba ta wuce, don ba a binciken baƙon dattijo. Can ƙasa ta hango suna guda ɗaya tilo, a keɓe. Ta cire tabarau ta mayar.

"Kowa yana da aiki, kai naka kallo? Kallon me kake yi wa hotunana? Ashe kai ne mai kai wa Ilu."

Ya fara bayani kan gwargwado da zuhudu, ta ce ya riƙe Larabcinsa. Da yatsa ɗaya ta goge shi, wannan kam ba wanda ya koya mata.

Ranar Asabar sabon samfurin Sallah ya bayyana a ƙofar Ilu, kala huɗu, aljihu a inda aka sa aljihu. Mudassiru ɗan Tanimu, jikan Gambo, mai difloma biyu ɗaya tana hanya, yana tsugune a rumfar babansa da tsohon buroshin haƙori da gwangwanin fetur. Daga inda yake ana hango rigunan sarai, kuma har yamma ba wanda ya hana shi kallo.